Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Waya da Kwamfuta a Aji 1 zuwa 3

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu shugabannin makarantu da 'yan uwa malamai maza da mata.

A taronmu na bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa aiki guda: ya gwada ko wayar da ke aljihun malami za ta taimaka wa ɗan aji 1 zuwa 3 ya iya karatun Hausa, ba sai mun zauna jiran kayan da ba mu san ranar zuwansu ba. Ga yadda shekarar ta kasance.

Da kanmu muka fara. A bitar da muka yi lokacin dogon hutu, mun tarar da yawa cikinmu suna rubuta "kasa" a waya alhali "ƙasa" suke nufi, ko "daki" a madadin "ɗaki". Malamin da zai raba wa yaro "bari" da "ɓari" bai dace wayarsa ta gaza rubuta su ba. Aka zauna aka saka wa kowa madannin Hausa na Gboard mai ɓ da ɗ da ƙ, matasanmu suna nuna wa dattawa. Ba a kashe ko sisi ba.

Aikin da ya fi kowanne albarka shi ne na sauti. Waɗanda suka samu horon RANA, shirin karatu da lissafi da aka soma a nan Katsina da Zamfara a 2015, sun san tsarin: sautin harafi, sai gaɓa, sai kalma. Matsalar ita ce ajin da ya cika maƙil har wasu na zaune a bakin ƙofa, kafin a fita tara muryar malami ta dishe. Sai wasu malamai mata masu zaƙin murya suka naɗi sautukan haruffa da 'yan waƙoƙinsu a waya, aka zuba a katin memori, aka sayi ƙananan sifiku masu caji daga kuɗin ƙungiya. Na je wata makaranta a zango na biyu na gani da idona. Malama ta rataye sifika a ƙusar allo, murya na fitowa "ƙa, ƙe, ƙi, ƙo, ƙu", ita kuma tana zagaya layuka tana duban bakin yara. A can baya ta tsaya kan wani yaro da ke cewa "kafa". Ta durƙusa, ta taɓa ƙafarsa, ta maimaita masa har sau uku, ya ce "ƙafa", ajin ya ɗauki tafi. Da tana gaban allo tana ɗaga murya, ba za ta taɓa jin sa ba. A ganina amfanin na'urar ke nan gaba ɗaya, ta ba malama damar isa layin baya.

Na biyu, littattafai. Ƙishirwar abin karantawa da Hausa a ƙananan azuzuwa ba sai an faɗa muku ba. Mun sauke labarai daga African Storybook, taskar da cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, wadda ta yarje a sauke, a buga, a fassara kyauta. Wasu labaran sun zauna daram, wasu kuwa Hausarsu ta yi wa ɗan aji 1 nauyi, sai da muka rage tsawon jimloli. Daga nan muka koma yin namu da manhajar haɗa littattafai ta Bloom, ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wadda ke aiki a kwamfuta ko babu intanet. 'Yan aji 2 suka ba da labarin akuyar da ta shiga gonar gyaɗa, malami yana rubutawa kamar yadda suka faɗa, aka ɗauki hoton akuyar maƙwabta da waya, aka buga a shagon kwamfuta, aka ɗinke da zare. Wata uwa ta zo har makaranta ta ce 'yarta ta karanta wa kakarta littafin sau ba adadi, tana nuna jimlar da ita ta faɗa.

Dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a Maris 2022 mun gwada shi, ya fi yi mana amfani wurin shirya darasi a gida fiye da cikin aji.

Inda muka sha kaye shi ne majigi. Mun aro ɗaya da niyyar zagayawa da shi makarantu. Babu wutar lantarki, janareta na shan fetur, tagogin azuzuwa ba ƙyaure, haske ya wanke hoton fes. Ranar da ya yi aiki ma, yara kallo suka yi, da aka tambaye su washegari ba abin da ya zauna. Kwamiti ya mayar da shi, kuma ba mu ba da shawarar a saya ba.

Data ma ta ci mana tuwo a ƙwarya tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairu 2025. Yanzu mutum ɗaya ke saukewa, sauran su karɓa ta Xender ranar taron wata.

Akwai kuskuren da dole mu amsa. Wani mambanmu ya ɗauki bidiyon yara suna karatu ya tura zaurenmu na WhatsApp da kyakkyawar niyya, bidiyon ya fita waje, wani uba ya gani ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya. Mun je mun ba shi haƙuri. Daga nan muka kafa ƙa'ida: ba a ɗaukar fuskar yaro sai da yardar iyayensa da sanin kwamitin kula da makaranta. A ɗauki allo, a ɗauki littafi, a ɗauki hannun da ke rubutu.

A baɗi muna neman amincewarku kan abu biyu: a sayi ƙananan faifan sola don caji ga makarantun ƙauye, waɗanda malamansu ke kai waya wurin mai caji a kasuwa, sannan kowace makaranta ta fitar da littafin yara ɗaya a kowane zango. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita a zauren taro tare da rasiɗai. Wanda sifikarsa ta lalace ya zo da ita, akwai mai gyara da zai duba su a ranar taron.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa