A riƙa gwada ƙwayar gyambon ciki kafin a rubuta magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan gyambon ciki, wato olsa. Har gobe muna ɗora laifin kan yunwa da yaji, alhali tun 1982 likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar Helicobacter pylori, wadda ke haddasa yawancinsa.

Yayata ta sha maganin kashe ƙwayar nan zagaye biyu, kowanne na mako biyu, ciwon yana nan daram. Ba wanda ya duba ko maganin yana cin ƙwayar da ke cikinta. Ga Flagyl mun mai da shi gyaɗa, ciki ya ɗan murɗa sai kemis, har ƙwayar ta saba da shi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin ƙwayoyin cuta masu hatsari saboda bijire wa clarithromycin, ɗaya daga cikin magungunan da ake kashe ta da su.

Gwajin akwai shi: a tsinko ɗan nama daga tumbi da na'urar leƙa ciki, a ga maganin da ke kashe ta. Ina roƙon asibitocin koyarwarmu su samar da shi da rahusa, domin barin ƙwayar kan jawo sankarar ciki.

Naka,
Mai karatu daga Zariya