Kafin A Sayi Eriyar Sauraron Jirgin Ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in amsa wata tambaya da matasa suke yawan kawo mini a rumfata ta gyaran rediyo a nan Damagaram, tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a shekarar 2021, wato wace eriya ce ta fi dacewa da sauraron maganar jirgin ƙasa. Sun ga a intanet yadda masu sha'awar jirgin ƙasa a Amurka suke tsayawa a gefen layi da ƙaramar rediyon hannu mai laluben tashoshi, wadda ake kira sikana, suna jin direba yana magana da ma'aikatan tasha, sai su ma suka sayo irinta, kuma kowa idonsa yana kan eriyar da ta fi tsawo.

Kowace eriya da zangon da aka yanka ta dominsa. Jiragen ƙasa na Amurka da Kanada suna magana ne tsakanin megahaz 160 da 162, inda tsawon igiyar rediyo bai cika mita biyu ba, kuma eriyar hannu da ta dace ita ce mai rubu'in wannan tsawon, wato kimanin santimita 47. Guntuwar eriyar roba da take zuwa cikin kwali an yi ta ne domin ta taɓa kowane zango kaɗan-kaɗan, shi ya sa takan kama jirgin da yake gabanka, na nesa kuwa sai shuuu kawai. A ganina babu kamar eriyar ƙarfe da ake ja ana turawa, irin ta rediyon gida, domin mutum zai ɗauko awon tela ya ja ta daidai santimita 47, idan kuma yana neman ƙarar na'urar da ake maƙalawa a taragon ƙarshe, wadda take aiki a wajen megahaz 457, sai ya tura ta ta dawo kusan santimita 16. Aibinta shi ne saurin karyewa, ga kuma ƙurar hunturu da take shiga gaɓoɓinta har ta cije. Wanda ba ya son wannan wahala ya nemi eriyar rediyon jiragen ruwa, tun da zangonsu na megahaz 156 zuwa 162 ya haɗa da na jirgin ƙasa.

A duba bakin na'urar, wato inda ake haɗa eriya, kafin a biya kuɗi. Akwai BNC, wanda ake danna shi a ɗan murɗa ya kulle, akwai kuma SMA, ƙarami mai ɗauri irin na noti, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi. Doguwar eriya mai nauyi a kan SMA takan girgiza bakin har dalmar ciki ta tsage, mai na'ura ya zo yana cewa an sayar masa da jabu.

Sai dai zangon jirgin ƙasa yana tafiya ne kusan iyakar ganin ido, don haka hawa soro ko ɗaya daga cikin duwatsun unguwar Birni ya fi ƙarin tsawon eriya amfani. Duk da haka, Kano tana nesa da mu da fiye da kilomita 200, kuma babu eriyar hannun da za ta jawo maganar tashar jirginta zuwa Zinder, komai abin da aka rubuta a kwalinta. Na'urar sai ta bi mai ita tafiya.

Haka kuma lambobin Amurka na Amurka ne. Yawancin layukan Turai sun koma tsarin GSM-R, wanda yake aiki kamar wayar salula a wajen megahaz 900, kuma sikana ba ta fassara shi ko da wace eriya aka sa mata. Saboda haka a fara sanin tsarin da layin yake amfani da shi da zangonsa, sannan a je kasuwa. A kuma tuntuɓi hukumar sadarwa ta ARCEP a kan abin da doka ta yarda a saurara, domin a halin tsaron da ake ciki, wanda aka gani a bakin layin dogo riƙe da na'ura mai doguwar eriya zai sha tambayoyi kafin a sake shi.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Zinder