Wasiƙa daga Niue, tsibirin da ruwansa ke ƙarƙashin dutse

Alofi, Niue

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Mama. Yaya aiki, yaya ɗawainiyar yara? Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Ni ma lafiya lau nake, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya same ni, wanda kake cewa ka nemi inda nake a taswira ka rasa. Ba laifinka ba ne, wurin ɗigo ne a tsakiyar tekun Fasifik. Ka nemo Tonga, ka nemo Samowa, ka nemo tsibiran Cook, to Niue na tsakaninsu, kimanin kilomita 2,400 arewa maso gabas da Niyu Zilan. Faɗinsa duka murabba'in kilomita 260 ne ko kusa da haka, mutanen da ke zaune a ciki kuma ba su kai 2,000 ba, a ƙauyuka 14. 'Yan asalin tsibirin da ke Niyu Zilan sun ninka waɗanda ke gida sau da yawa, shi ya sa za ka wuce gidaje a kulle, ciyawa ta cinye ƙofa. Tun 1974 suke mulkin kansu cikin ƙawance da Niyu Zilan, kuma dalar can suke kashewa. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya zo a 1774, mutanen suka hana shi sauka, ya tafi da fushinsa ya laƙaba wa wurin mummunan suna. Wannan ke nan a taƙaice. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kogunan dutsen da ke nan, don na san kai ma ɗan son leƙe-leƙen irin waɗannan wurare ne.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, ana ruwan sama sosai a nan, amma babu rafi ko ɗaya. Za a kwana ana tafka ruwa, da safe ka fito ba ka ga inda ya kwanta ba. Dalili kuwa, tsibirin gaba ɗaya dutsen murjani ne, wato gidajen ƙananan halittun teku da suka taru bisa kan wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, sannan ƙasa ta tura shi sama har ya fito daga ruwa. Inda ya fi tudu bai kai mita 70 ba. Irin wannan dutsen farar ƙasa ne, ruwa na cin sa. Ruwan sama yakan kwaso iskar kabon daga sararin sama da kuma ruɓaɓɓen ganye, ya ɗan yi tsami, wanda harshe ba zai ji ba amma dutse yana ji. Sai ya bi ƙaramar tsaga yana lasa. Shekaru dubbai, tsaga ta zama hanya, hanya ta zama ɗaki. In rufin ɗakin ya yi siriri ya kasa ɗaukar kansa, sai ya rufta, ka ga rami ya buɗe baki yana kallon sama. Duk wani kogo da kwazazzabo da ramin da ke tsibirin nan, asalinsa ke nan.

Ruwan da ya nutse ɗin bai ɓace ba. Yana can ƙasa cikin ramukan dutsen, yana zaune bisa ruwan gishiri kamar yadda mai ke tasowa a kan ruwa, saboda ruwan daɗi ya fi na teku rashin nauyi. Masana sun ce duk mita ɗaya da ya ɗaga sama da bakin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Shi ake haƙa rijiyar burtsatse a zuƙo, ga kuma tankunan tarar ruwan sama a gidaje. In aka matsa wa zuƙar, gishiri ya taso daga ƙasa. In aka zubar da baƙin mai ko maganin feshi a sama, babu yumɓun da zai tace shi, kai tsaye zai gangara. Tun da na fahimci wannan na daina kallon ramukan a matsayin wurin yawon buɗe ido kawai. Bakin randar mutane ne.

A Anapala na ga haka da idona, kusa da ƙauyen Hakupu. Tsaga ce a cikin daji, matsattsiya, an yi mata matakala mai tsawo da ke gangarawa tsakanin bango biyu. Kana sauka zafi na raguwa, hasken rana na tsukewa, har ya rage ɗan zare a can sama. Bangon na da danshi, saiwoyin itatuwa sun biyo shi suna neman abin da kai ma ka zo nema. A ƙarshen matakalar ruwa ne kwance, baƙi wuluk saboda duhu, amma da na haska fitila sai na ga duwatsun da ke ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Na sa hannu, sanyi ƙarara. Na ɗanɗana, babu gishiri, alhali ga rugugin teku ina ji ta cikin dutse. Mutumin da ya raka ni, dattijo ne ɗan ƙauyen, ya ce nan kakanninsu ke saukowa ɗibar ruwa, tun babu matakalar. Na ɗaga kai na dubi tsawon wurin, na tuna mace da tulu ko ƙwaryar kwakwa tana hawa wannan bango kullum. Wallahi sai na ji girman mutanen ya ƙaru a idona.

Kogunan gefen yamma kuwa da teku suke hulɗa, don haka ba ka shigarsu sai ka san lokacin janyewar ruwa. A nan kowa na duba jadawalin cikowa da janyewar teku kafin ya fita. Avaiki, kusa da ƙauyen Makefu, ta cikin kogo ake ratsawa a fito bakin teku, a bi ta kan dutse zuwa wani babban ɗaki mai tafki a ciki. Ruwan garau, shuɗi, ƙananan kifaye na yawo, daga rufi kuma ga tsinin duwatsu sun rataye suna ɗiga. Ɗigon nan shi ke gina su: kowane ɗigo yakan bar ɗan ƙurar farar ƙasa kafin ya faɗo, kuma sau da yawa tsawon da suke ƙarawa a shekara ba ya kai milimita ɗaya. Na ga inda wani ya karya guda ya tafi da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa, mutum ya ɓalle a daƙiƙa ɗaya don ya ajiye a kan teburi. Mutanen nan na cewa a Avaiki kwalekwalen kakanninsu na farko ya tsaya. Ba a iyo a wurin ranar Lahadi, kuma ana rufe shi lokacin da wani ƙaramin kifi da suke kira kaloama ya shigo. Ban ji wanda ya yi gardama a kan haka ba, kuma ni ma ban ga abin gardama ba.

Kogon Palaha na kusa, ya fi girma. Matapa kuma, can wajen Hikutavake, kwazazzabo ne tsakanin dogayen bango biyu inda aka ce nan sarakuna ke wanka a zamanin da. Kana iyo za ka ji sanyin ruwan daɗi a kafaɗa, ɗumin na teku a ƙafa. Inda ruwan biyu ke haɗuwa ya fi ko'ina cin dutse, shi ya sa manyan kogunan suka yi layi a bakin gaɓa. Daga nan hanya ta cikin daji ke kai ka Talava, inda teku ya cinye kogo ya bar bakin ƙofarsa tsaye, a lanƙwashe kamar baka, sai ka ratsa wani kogon kana riƙe igiya kafin ka gan shi.

Amma in ka ce in zaɓi guda, Togo zan zaɓa. Ba ƙasar Togo ba, su Tongo suke furtawa. Yana gabas, inda iska ke bugowa. Za ka fara da dajin Huvalu mai inuwa, kwatsam itatuwa su ƙare, ka tsinci kanka a filin tsinin duwatsu baƙaƙe, dubbai, ruwan sama ya fere su sun yi kaifi. An zuba siririyar hanyar siminti a tsakaninsu. Na dafa guda don in gyara tsayuwa, ko nauyi ban sa ba, sai ga jini a tafin hannuna. Teku na dukan gaɓa a gabanka, feshinsa na tashi sama. Sai hanya ta ƙare a bakin rami, ga tsani mai tsawo a tsaye. Ka juya baya ka sauka a hankali, ƙafarka ta taka farin yashi mai laushi. Aminina, a cikin ramin nan bishiyoyin kwakwa ne tsaye, kore shar, bango ya kewaye su ta ko'ina, iskar da ta kusa ture ka a sama ko ganye ba ta kaɗawa a ƙasa. Na daɗe zaune a wurin. Gani ya kori ji, hoton da zan turo maka ba zai ba ka rabin abin ba.

Akwai masu gida a waɗannan wurare. Akwai uga, ƙaguwar kwakwa, wadda babbarta kan kai kilo 4, tana ɓuya a ramukan dutse da rana. Akwai katuali, macijin teku mai zane-zane, dafinsa mugu ne amma ba shi da faɗa. A teku yake kiwo, sai dai yakan shigo tsagogin kogo ya yi ƙwai. Masu nutso kuma sun ba ni labarin ɗakunan da ke ƙarƙashin ruwa masu irin tsinin nan na rufi. Tsinin ba ya fitowa a cikin ruwa, sai a busasshen wuri. Ashe kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe sassan duniya, teku ya yi ƙasa da yadda yake yau da kusan mita 120. Kogunan a bushe suke a lokacin, daga baya ruwa ya dawo ya cika su. Haka wani shahararren rami na cikin teku da ake kira Dean, a tsibiran Bahamas, ya samu, mai zurfin mita 202.

Abu guda da nake so ka sani, ko da Allah zai kawo ka: babu kogon da ba shi da mai shi. Ƙasar ta iyalai ce. Wasu kogunan an zauna a cikinsu, wasu an ɓuya lokacin yaƙi, wasu kuma makabarta ce, ƙasusuwan kakanni na ciki har yau. Waɗanda aka kafa wa allo a bakin hanya, bismilla. Sauran sai da izini da ɗan rakiya. Dattijon nan ya nuna mini bakin wani daga nesa, ya ce nan ba a shiga, bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ban da girmamawa ma, akwai hatsari. Ganye kan rufe bakin rami a daji, ka taka ka burma, ga shi ba ko'ina waya ke kamawa ba. Takalmi mai kauri, fitila biyu, ruwan sha, da sanar da wani inda ka nufa, waɗannan ba a wasa da su. Teku kuma ba a yarda da shi. A Janairun 2004 guguwar Heta ta ɗaga igiyar ruwa ta haye gaɓar Alofi, babban garin tsibirin, duk da tsawonta, ta rushe asibiti da gidan tarihi. Wanda ya ga haka ba zai shiga kogon bakin teku ba alhali ruwa na cikowa.

Yanzu saura Vaikona, wajen ƙauyen Liku. An ce shi ya fi duka wuya: ta wani karkataccen kogo ake silalewa a sauka, duwatsun na motsi, sai an yi iyo a ratsa tafkuna. Na yi magana da wanda zai raka ni, ya ce mu jira ƙasa ta bushe, don bayan ruwan sama wurin santsi gare shi. In Allah ya yarda muka je muka dawo lafiya, zan rubuto maka yadda ta kaya. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaishe mini da su Mama da kyau, ka ce ina neman albarka. Ka gai da uwargida da yara, da duk abokan arziki. Ka rubuto mini labarin karatun babban yaronka, rabona da jin inda ya kai an kwana biyu.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka