A ceto tudun kushewar magabata daga masu kwasar ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun watan jiya da na kai ziyara ƙauyenmu a nan jihar Bauchi.

A gabas da garin akwai wani tudu da muka taso muna jin dattawa suna cewa kushewar mutanen farko ce, ba a noma kansa, kuma yaro ba ya hawansa bayan magariba. A wannan zuwa na tarar an zaftare gefensa guda, masu tifa suna kwasar jar ƙasa zuwa wuraren gini. A jikin inda aka zaftare ana ganin ƙasar hawa-hawa, ga layin toka baƙi ƙirin, a ƙarƙashinsa kuma tsingaro mai zanen igiya irin wanda ban taɓa gani a hannun maginan tukwanenmu ba. Wani yaro cikin leburorin ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini tsakiya uku, irin duwatsun adon da ake sawa a wuya, ya ce tare da ƙasusuwa suka fito, an ture ƙasusuwan gefe da shebur. Har na iso gida ban samu natsuwa ba.

Wanda ke ganin tudu irin wannan tarin ƙasa ne kawai, ya dubi Durɓi Takusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina, wanda gwamnati ta sa cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1959. Baturen mulki Palmer ya fara tona wurin a 1907, sannan a 1992 masana daga Jamus tare da takwarorinsu na Nijeriya suka tona tuddai uku bisa ƙa'ida. A tsakiyar kowanne an samu mutum guda a binne da kayansa: 'yan kunne na zinariya, awarwaron hauren giwa, duwatsun wuya na gilashi, wuri, da wata tasar tagulla da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Bayan an gyara kayan a birnin Mainz na ƙasar Jamus, bincike ya nuna an yi waɗannan kaburbura tsakanin ƙarni na 13 da na 16, wato tun a wancan zamani fatauci ya haɗa ƙasar Hausa da ƙasashen da ke bayan Sahara.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, ba zinariyar ce ta ba da wannan labari ba. Masanan sun auna zurfin da kowane abu yake, sun rubuta abin da ke kusa da kai da abin da ke kusa da ƙafa, sun ɗebi abin da za a gwada shekarunsa a ɗakin bincike. Da ɓarayin kayan tarihi ne suka riga su, da an narkar da 'yan kunnen, tasar kuma ta ƙare a kantar wani attajiri a Turai, babu mai sanin daga ina ta fito. Tsakiyar da ke hannun yaron nan ta riga ta zama bebiya, domin an raba ta da ƙasar da za ta faɗi shekarunta.

Mu a Bauchi ba baƙin irin wannan gado ba ne, ga zanen duwatsu na Geji da na Shira, ga kogwannin Marshall da tsofaffin matoyar tama a dajin Yankari. Sai dai tuddai da kufai da ke cikin gonaki, waɗanda ba su da allo ko shinge, su ne suka fi saurin salwanta.

Na ji wasu na cewa ai mutanen jahiliyya ne, me ya dame mu da su. Ni a ganina ƙashin ɗan Adam yana da alfarma ko na wane zamani ne, kuma Alƙur'ani mai girma ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ta yaya za mu duba idan mun zuba su a harsashin gini?

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon irin waɗannan wurare ba tare da izini ba. Don haka ina kira ga hukumar da ta haɗa kai da masarautunmu da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a bi gunduma-gunduma a rubuta tuddan da dagatai da masu unguwanni suka sani. Su kuma iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninsu, ina roƙon su dakatar da kwasar ƙasa a duk inda ƙashi ko tsingaro ya fito, a nuna wa masu tifa wani wurin daban, tunda su ma abincinsu suke nema. Tudun garinmu yana buƙatar a zo a duba shi kafin damina ta sauka, domin ruwan farko mai ƙarfi zai iya rufto da gefen da aka zaftare.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Bauchi.