Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai son buɗe fayil daga nesa

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a me ya hana mu sanya SFTP da HTTP, wato ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna fayiloli, a cikin manhajar rubutunmu, ta yadda mutum zai buɗe fayil da ke kan saba (kwamfutar da ke ajiye fayiloli daga nesa) kai tsaye, ko yana kan Windows ko Linux ko macOS. Har ka ce aikin bai wuce 'yan layuka ba. Buƙatarka ina tare da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu rubuta waɗannan ƙa'idojin sadarwa da hannunmu a cikin manhajar.

Buɗe soket, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata kwamfuta, kam ba wuya, tunda kusan kowa tsarin Berkeley na 1983 ya gada. Sai dai Windows ta yi nata sauye-sauyen: sai ka kira WSAStartup kafin komai, ka rufe da closesocket, ka nemi kuskure ta WSAGetLastError. Wanda ya fi ciwo shi ne select ɗinta, wato kiran da manhaja ke yi don jiran saƙo, soket kaɗai take saurare, alhali a Linux kira guda zai jira maka soket da abin da ake bugawa a lokaci ɗaya. Ita kuwa manhajar rubutu kullum yatsun mai rubutu take jira. Da ta tsaya sauraren saba mai nawa, allo ya daskare, mutum yana ta bugu ba ya ganin harafi ko ɗaya. Shi ya sa manhajar rubutu ta Neovim ta jingina da libuv, ɗakin karatun lambobi da ke ɗauke mata wannan jira, mai amfani da epoll a Linux, kqueue a macOS, IOCP a Windows. Manhajar rubutu ta Vim ma sai a 2016, a siga ta 8.0, ta samu damar yin aiki a bayan fage ba tare da tsayar da mai rubutu ba.

Ga kuma tsaro. Kowace babbar manhaja, Windows ko Linux ko macOS, da inda take ajiye takardun shaidar saba. In muka ƙunsa OpenSSL, mai ɓoye bayanan da ke tafiya a kan layi, a cikin tamu, duk ranar da aka gano ɓaraka irin Heartbleed ta 2014, mu ma sai mun fitar da sabuwar siga cikin gaggawa. Ba mu da mutanen da za su ɗauki wannan nauyi.

Na gabanmu sun riga sun share hanya. Netrw, ɓangaren Vim mai buɗe fayil daga nesa, kiran manhajojin waje irin scp yake yi, takwaransa TRAMP na manhajar rubutu ta Emacs kuma ssh yake tayarwa. Da can ana cewa Windows ba ta da waɗannan kayan aiki, amma tun 2018 Windows 10 take zuwa da OpenSSH da curl. Hanyar da za mu bi ke nan: mu kira waɗannan kayan aiki na waje su yi mana sadarwar.

In da gaske kake son taimakawa, kama batun adana fayil. Layi na iya yankewa ana tsaka da rubutu, a bar rabin fayil a kan saba, na asali kuma ya tafi. Maganinsa a rubuta a fayil na wucin gadi, sannan a sauya masa suna. To, siga ta 3 ta SFTP ba ta yarda a sauya suna zuwa kan fayil da ke nan ba, sai da ƙarin da OpenSSH ta yi, kuma ba kowace saba ke da shi ba. Rubuto mana yadda manhajar za ta yi in ta haɗu da sabar da ba ta da shi, ni kuma zan duba.

Wassalam.