Masu cibiyoyin jarrabawa, ku sayi saba biyu iri ɗaya

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a kan abin da suke ƙyashin kashe wa kuɗi, wato saba ta biyu. Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ɗaki ke dogara da ita.

Aikina kula da na'urori ne a wata cibiya a Kaduna. Sharaɗin JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, shi ne cibiya ta mallaki kwamfuta 250 da ƙarin 25 na ko-ta-kwana, kuma kowa yana cikawa saboda ana zuwa a ƙirga. Amma a jarrabawoyin ɗaukar aiki da na makarantu, waɗanda cibiya ke yi da kayanta, sai ka tarar saba ɗaya tal ce ke riƙe da ɗakin baki ɗaya. Ka tambayi maigida ina ta biyun, sai ya nuna maka wata tsohuwa a sito, ƙura ta rufe ta.

To wannan ba safaya ba ce. Tayar Keke Napep ba ta shiga tirela. Idan samfurin ya bambanta, sai ka ciro faifan ajiya daga wadda ta mutu ka saka mata, ta ƙi tashi, ko ta ƙi gane katin sadarwa, ko lasisin manhaja ya ce bai san ta ba. Kana gumi kana neman direbobin na'ura, wato manhajojin da ke sa sassanta aiki, yara sun cika ɗaki, iyaye na bakin ƙofa suna cewa an cinye musu kuɗi. Da iri ɗaya ce, faifai da waya kawai za ka sauya, adireshinta na nan yadda yake, a ci gaba.

Kuma kamannin bai tsaya a ƙarfe ba. A jarrabawar UTME ta 2025, wadda JAMB ke shiryawa, gyaran manhajar da bai kai ga wasu sabobi ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har shugaban JAMB a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. Duk sabuntawar da aka yi wa ta farko, a yi wa ta biyu a ranar.

Kada kuma a jona su a soket ɗaya ko inbata ɗaya. Tsawar damina guda za ta ƙone su tare. A riƙa kunna ta ajiyar ana ba ta aiki lokaci-lokaci, a kaɗe mata ƙurar hunturu.

Na san dala ta yi tsada. Shawarata ga wanda kuɗinsa bai kai ba: gara ya sayi na hannu guda biyu samfuri ɗaya da ya sayi sabuwa dal guda ɗaya, wadda in ta tsaya sai an jira kaya daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas.

Daga mai kula da na'urori a wata cibiyar jarrabawa, Kaduna.