Masu Hasashen Yanayi Ba Bokaye Ba Ne: Shaida Daga Tarihin Hukumar Birtaniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in kare wasu ma'aikata da ake yawan yi wa ba'a, wato masu hasashen yanayi. Duk ranar da suka ce za a yi ruwa aka wayi gari sama tas, sai ka ji ana cewa su ma shaci-faɗi suke yi, wasu ma har su jera su da bokaye da 'yan duba. A ganina wannan hukunci bai yi musu adalci ba, kuma tarihin hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, wadda ake kira Met Office, ya isa shaida.

An kafa wannan hukuma a shekarar 1854 a matsayin ɗan ƙaramin sashe a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki, aka ɗora Robert FitzRoy a kanta, wani hafsan sojan ruwa wanda shi ne kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya zagaya duniya da masanin kimiyyar nan Charles Darwin. Aikin da aka ba shi da farko bai wuce tattara bayanan iska da igiyar ruwa daga littattafan matuƙa jiragen ruwa ba. Abin da ya sauya akalar ofishin shi ne guguwar watan Oktoba na 1859, wadda ta tarwatsa jirgin Royal Charter a gaɓar tsibirin Anglesey na Birtaniya yana hanyarsa daga Ostireliya zuwa Liverpool, mutane kusan 450 suka halaka. FitzRoy ya dage cewa guguwa ba ta faɗowa haka kawai, tafiya take yi daga wuri zuwa wuri, kuma tunda saƙon wayar tangaraho ya fi ta sauri, ana iya riga ta isa tashar jiragen ruwa da gargaɗi.

A watan Fabrairun 1861 aka fara wannan gargaɗi, kuma yadda ake yin sa abin sha'awa ne. Kowace safiya masu lura a tashoshin bakin teku sukan karanta ma'aunin matsin iska da na zafi, su dubi inda iska ke kaɗawa, su aika da alƙaluman Landan ta waya. Idan aka hango haɗari, sai a mayar da saƙo tashoshin, a ɗaga wata alama ta zanen tamfol mai tsini a saman dogon sanda, tsinin na duban sama idan daga arewa iskar za ta taso, yana duban ƙasa idan daga kudu ne, yadda masuncin da bai iya karatu ba zai gane daga nesa. A ranar 1 ga Agusta na wannan shekara jaridar The Times ta buga hasashe na farko domin jama'a baki ɗaya.

Ba a gode wa FitzRoy ba. Jaridu sun riƙa yi masa shaguɓe duk ranar da ya kuskure, masana suka ce aikinsa ba shi da tushen ilimi, wasu masu jiragen kamun kifi kuma suka yi ta ƙorafi cewa yaransu na ƙin fita teku idan sun ga alamar a sama. FitzRoy ya kashe kansa a 1865, kuma a shekarar da ta biyo baya wani kwamiti ya soki tsarinsa, aka dakatar da gargaɗin da kuma hasashen jama'a. To amma waɗanda rayukansu ke kan ruwa ba su yarda ba, suka matsa lamba har aka dawo da gargaɗin guguwa ba da jimawa ba, hasashen jama'a kuwa sai a 1879 ya dawo. Ni dai na fi ba hukuncin masuntan nan nauyi a kan na masu dariya, domin su ne suka san abin da rashin gargaɗi ke jawowa.

Masu cewa duba ne, da za su ga yadda ake aikin a yau da sun sake magana. Sau biyu a rana, a lokaci guda a duk faɗin duniya, ana sakin manyan balan-balan ɗauke da na'urori da ke hawa sama kimanin kilomita 30 suna aiko da ma'aunin zafi, danshi da gudun iska. A haɗa da abin da jiragen sama da na ruwa ke aikowa, da na'urorin rada masu gano inda ruwa ke zuba, da taurarin ɗan Adam, waɗanda Amurka ta harba na farkonsu da ya yi nasara a wannan fanni a 1960. Duk waɗannan alƙaluma ake zuba wa manyan kwamfutoci, su lissafa yadda iska za ta motsa bisa dokokin kimiyya. Wani masani ɗan Birtaniya, Lewis Fry Richardson, shi ya bayyana wannan hanya tun 1922, lokacin da babu kwamfuta. Ya shafe makonni yana lissafin hasashen sa'o'i shida da hannu, amsar ta fito ba daidai ba, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yanayi. Hanyar tasa ce dai ake bi har gobe, kuma hukumar ta fara dogara da ita a aikin yau da kullum a 1965.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma babu wanda ya taɓa kiran mai wannan magana boka. Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Abin da ma'aikatan nan ke yi karanta alamomi ne da aka auna. Su da kansu sun san iyakarsu, domin ƙaramin kuskure a ma'aunin yau yakan girma kullum har ya ɓata lissafi, shi ya sa hasashen yadda kowace rana za ta kasance ba ya wuce kimanin mako biyu. Saboda haka ne suke maimaita lissafin sau da yawa, kowanne da ɗan bambanci a farkonsa, sannan su faɗi sakamakon da kaso. Idan suka ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100 ce, ma'anarta a cikin ranaku goma masu irin wannan hali za a sami kamar uku da ba za a yi ruwan ba, kuma faɗowar ɗaya daga cikin ukun nan ba ƙarya ba ce.

A watan Yunin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, an ga abin da hasashe mai kyau ke iya yi, lokacin da James Stagg, jami'in wannan hukuma, ya shawarci Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, da ya ɗage saukar sojojin nasa a gaɓar Normandy ta Faransa daga ranar 5 zuwa ranar 6, bayan ya hango ɗan sararin da guguwa za ta bayar. An kuma ga akasin haka a daren 15 ga Oktoban 1987, sa'ad da wata guguwa ta afka wa kudancin Ingila da ƙarfin da ba a gargaɗi jama'a a kansa yadda ya kamata ba, mutum 18 suka mutu, itatuwa kusan miliyan 15 suka faɗi. Hukumar ta sha suka, kuma ta cancanci sukar. Abin lura shi ne ba a dakatar da aikinta ba a wannan karon: an yi bincike, an ƙara na'urorin awo a teku, aka kuma kafa tsarin gargaɗin mummunan yanayi na ƙasa, wanda a yau ke amfani da launin rawaya, ruwan goro da ja. Wannan jan gargaɗi ne aka fitar a Yulin 2022, kwanaki kafin zafi ya haura digiri 40 a karon farko a tarihin awon ƙasar.

Daga hedikwatarta da ke birnin Exeter na Ingila, inda ta koma a 2003, hukumar na ɗaya daga cikin cibiyoyi biyu kacal a duniya da ke shirya hasashen iskar sama domin jiragen da ke doguwar tafiya, ɗayar kuwa tana Amurka. Ke nan mai yi wa masu hasashe dariya, in ya taɓa hawa jirgi ya tsallaka ƙasashe, da aikinsu aka tsara hanyarsa da yawan man da aka zuba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan jaridarka za ta buga hasashen yanayi, a riƙa faɗin hukumar da ta fitar da shi, da yankin da ya shafa, da tsawon lokacin da yake aiki, kuma kada a yanke kason da masanan suka bayar a mayar da "mai yiwuwa" ta zama "tabbas" domin kanun labari ya yi armashi. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa masu hasashe a teburin mai rubuta kanu aka yi shi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu